Lambar da ke fitowa a allon wayarka, daga ina take zuwa?

Waya ta yi ƙara a kasuwar Maraɗi, ka duba ka ga sunan ƙanenka da ke Yamai, ka ɗauka ba tare da wani tunani ba. To, sunan nan ba rezo ne ya aiko shi ba. Lamba kawai ke isowa, wayarka ce ke laluba sunayen da ka ajiye ta fito da wanda ya dace da ita.

Ita ma lambar ba wayar mai kira ce ke faɗin ta ba. Pis ɗin da ke ciki yana gabatar da kansa ga kamfanin da wata lambar shaida da ake kira IMSI. Kamfanin ya duba rajistarsa, ya gano lambar mai pis ɗin, ya sa ta cikin saƙon buɗe kira, wanda ke riga murya isa. Shi ya sa kake ganin lamba tun kafin ka ce "alo". A wayar tarho ta gida irin ta Amurka kuwa, ana turo lambar ne da wani ɗan sauti tsakanin ƙarar farko da ta biyu.

Wanda ya danna #31# kafin lamba, kai kaɗai ya ɓoye wa. Lambarsa na tafiya cikin rezo, da alamar kada a nuna, kuma kamfanin ya san ta.

Matsalar tana ga kiran da ya biyo ta intanet. A can mai kira na iya rubuta lambar da ya ga dama, kamfanonin da ke kan hanya su miƙa ta yadda suka karɓa. An gina tsarin ne a zamanin da kamfanonin tarho ba su da yawa, kuma sun yarda da juna. Akwai kuma masu akwatin pis da yawa: ɗan'uwa ya kira daga Libiya, kai ka ga +227 kamar yana unguwarku.

Amurka ta tilasta wa manyan kamfanoninta tantance lambar mai kira tun 2021, Faransa kuma tana toshe kiran da ba a tantance ba tun Oktoba 2024.

Don haka in lambar da ka sani ta kira ana neman kod ɗin asusunka, ko a ce ka tura jaka hamsin yanzu-yanzu, katse. Kira lambar da kanka: kiran da ka yi wurin mai pis na gaskiya zai je.