Agogon da ke ƙirga wahalar injin kwalekwale

Mota tana da mitar da ke nuna kilomita nawa ta ci. Injin kwalekwale kuwa da awa ake auna tsufansa. Wanda ke zaune a Nima ko Maamobi, ya zuba kuɗinsa a injin da ke fita teku daga Jamestown ko Chorkor, ko mai jigila a tafkin Volta wajen Yeji, ƙaramin agogon nan ne shaidarsa, tunda ba ya cikin jirgin.

Yamaha mai doki 40 da masunta suka fi so, wanda ake tayarwa da igiya, galibi ba shi da batir. Irinsa agogo mai waya ɗaya ake sa wa. A naɗa wayar zagaye huɗu ko biyar a jikin wayar filogi, a ɗaure ta kam, ba tare da an fere komai ba. Tartsatsin filogi yake ji ya fara ƙirga. Aibinsa shi ne batirin cikinsa, wanda a yawancinsu a like yake. Ranar da ya mutu, lissafin ya tafi, don haka a riƙa rubuta adadin a littafi duk wata.

Injin mai makulli da batir mai volt 12, a nan masu gyara ke yin ganganci. In aka haɗa agogon kai tsaye da batir, zai yi ta ƙirga dare da rana, jirgi na kan yashi. Wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli ake nema, a Yamaha ita ce rawaya, baƙa kuma ta ƙasa ce. A sa fis a tsakani. Ko da haka, in yaron jirgi ya bar makulli a kunne, agogon zai yi wa injin ƙarya.

In agogon ya tsaya cak, kada a yi saurin jefar da shi. A duba bakin wayoyin tukuna. Iskar teku tana barin wani koren gari a kan tagulla, kuma sau tari shi ne mai laifin. A kankare, a gwada da mita ko wuta na isowa, sannan a shafa giris.

Amfanin agogon na kullum shi ne sanin lokacin canja man giya, wanda ake canjawa duk awa 100. In man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, ba sai an jira agogo ba.