Kwana biyu a Damagaram: abin da ɗan kasuwa ba ya gani daga tasha

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma mu 'yan kasuwar Tarka, sau nawa muka shiga Damagaram ba mu san kome ba sai tasha da kasuwar Dole? Ranar Alhamis mu sauke cuku da dabbobi, mu sari atamfa da sabulu, kafin magariba mun kama hanyar Belbeji. Wannan karo da aka tashi daga kasuwa sai muka ce a'a, za mu ƙara kwana biyu mu ga garin da idonmu.

Ranar Juma'a muka shiga Birni, tsohuwar unguwa mai lungu-lungu da manyan duwatsu. Nan fadar Sarkin Damagaram take, ga dogarai a bakin ƙofa, ga masallaci kusa da ita. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye garin da ganuwa, har yau ana ganin sauran ta. A garin nan aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a 1899, Turawa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasa, kafin a maida shi Yamai.

Ranar Asabar muka ratsa Zango, kuma nan jikinmu ya yi sanyi. Unguwar fatake ce tun asali. Nan ayarin raƙuma daga Agadas da ƙasar Larabawa ke sauka kafin su wuce Kano, kuma ta Damargu suke biyowa, hatsinmu ne guzurinsu. Gidajen ƙasa masu zane a bango da muka tsaya muna kallo, ribar fatauci ce ta gina su. Ashe tarihin da muke tsammani na sarakuna ne kaɗai, har da na kakanninmu masu ciniki.

Batun ciki kuwa, ba mu nemi wajen masu kuɗi ba. Da safe waina da miya a bakin titi, da rana fura da nono, da dare balangu da shayi. Matan da ke cikinmu suka zauna da wata mai alkaki suna tambayarta yadda take jiƙa alkama da yadda take ƙulla shi a leda don matafiya. Suka sayo na tsaraba, wata har ta ƙudura gwada sana'ar a gida.

Abin da ya dame mu shi ne, gidajen nan suna zubewa. Damina ta ci wasu, wasu masu su sun rushe sun sa siminti. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunan Birni ga UNESCO, amma takarda ba ta yaɓe bango.

Shawararmu ga 'yan'uwa maza da mata: kwana biyu ba ya karya jari. A sauka wajen dangi, a riƙe kuɗin mota daban da na sari, a nemi izini kafin ɗaukar hoto a fada ko a ƙofar gidan mutane. In da hali a tafi da yaro ɗaya, ya ga inda sana'ar gidansu ta samo tushe tun bango yana tsaye.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu gida lafiya.