Ciwon da Ya Wuce Wata Uku

A wajen likitoci, ciwon da ya haura wata uku bai saki mutum ba yana iya zama cuta mai zaman kanta. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta shi a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Ciwon ƙugu kaɗai, a ƙididdigar hukumar, ya addabi mutum miliyan 619 a 2020.

Ko irin wannan ciwo yana gajarta kwana? Farfesa Gary Macfarlane da abokan aikinsa sun duba bayanan mutum kusan dubu 500 a Birtaniya, suka wallafa sakamakon a 2017. Masu fama da ciwon da ya game jiki sun fi sauran mutuwa da wuri. Amma da aka cire tasirin rashin motsa jiki, ƙiba, shan taba da rashin abinci mai kyau, sai tazarar ta ragu sosai. Ke nan yawancin ɓarnar ba daga raɗaɗin kansa take ba. Ciwo yana zaunar da mutum, ya hana shi barci, ya jefa shi cikin damuwa, daga nan hawan jini da ciwon zuciya su samu ƙofa.

Mata sun fi maza fama da ciwo mai daɗewa, kuma su aka fi yi wa ko-oho. Uwa ta shekara tana dafa ƙugu kafin ta miƙe, a ce mata gajiyar haihuwa ce, ta yi haƙuri. Wannan haƙurin yana ba ni takaici, domin a cikinsa wani ciwon dajin yake girma ba a sani ba.

Namiji kuwa ba ya faɗa. Ɗan dako ko direba da ba zai iya rasa aikin yini guda ba sai ya biya kemis ya sayi ƙwaya. Diclofenac da ibuprofen, in aka daɗe ana sha, suna huda ciki su lalata ƙoda. Tramadol kuma kama mutum yake yi. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 suna shan irinsa ba bisa ƙa'ida ba.

Mai ciwon wata uku yana bukatar a gano tushen ciwon, a auna jininsa da ƙodarsa, a kuma nuna masa motsin da jikinsa zai iya ɗauka, ko da tattaki ne zuwa bakin layi.