TARA ƘWANDALA DON ƘARFENTA: AKWAI RIBA KO BABU?

Wata magana tana yawo cikin kasuwannin karkara. Ana cewa ƙarfen da ke jikin ƙananan kuɗɗi ya fi kuɗɗin kansu daraja. Shi ya sa wasu suke zuba dala da dala biyar cikin tulu, su rufe, su bizne a ɗaka, suna jiran ranar da mai sayen ƙarfe zai zo.

Maganar tana da tushe. Tsofaffi sun ga zamanin da kuɗɗi azurfa ne. Akwai riyal mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wanda ke ɗauke da shekarar 1780. Nauyinsa giram 28, kuma mafi yawansa azurfa ce. Fatake sun shigo da shi ƙasar Hausa, maƙeran Agadas suka riƙa narka shi suna yin kayan ado. Daga baya Faransawa suka kawo tamma biyar ta azurfa, mai giram 25. Ita ma dala ake ce mata. Wanda ya gaji irin wannan dala daga kakansa, ya gaji dukiya.

Dalar yau suna kawai ta gada. Nauyinta giram 3 ne, kuma babu ɗigon azurfa a jikinta. Darajarta tana zuwa ne daga hukuma da babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, wanda ke fitar da sefa.

A ɗora bisa sikeli

Mai sayen tsohon ƙarfe ba ya duba lambar da ke jikin ƙwandala. Kilo yake awo. To, a yi lissafi da kilo.

A fara da farare. Dala goma tana da giram 5. Sai an tara guda 200 kafin su cika kilo ɗaya, watau jikka 10. Dala ashirin tana da giram 7. Kilonta guda 143 ne, jikka 14 da dala sittin. Ƙarfen da ke jikinsu bai kai wannan kuɗɗi ba. Wanda ya kai su ga mai awo ya saida saniya da kuɗɗin ɗan maraƙi. Ƙari kuma, daga 2012 an riƙa buga sababbin dala goma da dala ashirin da baƙin ƙarfe, a shafe bayansa da fari. Mai shakka ya ɗauko mayen ƙarfe, irin na cikin tsohuwar rediyo, ya kara. Duk wadda ta manne, baƙin ƙarfe ne a cikinta, ɗan uwan na hauya.

Jajaye su ne inda maganar take da ɗan kamar gaskiya: dala, dala biyu da dala biyar. Jan ƙarfe ne ya fi yawa a jikinsu, haɗe da wasu ƙarafa. Kilo ɗaya na dala guda 333 ne, watau tamma 1.665. Kilo na dala biyu guda 250 ne, jikka 2 da dala ɗari. Kilo na dala biyar guda 125 ne, jikka 3 da dala ashirin da biyar. A shekarar 2024, kilo na jan ƙarfe tsantsa ya wuce jikka 5 a kasuwar duniya. Wanda ya ji wannan sai ya ce ai riba ta fito fili.

Amma wancan farashi na manyan kamfanoni ne, masu sayen tan dubbai a bakin teku. Kuma na jan ƙarfe ne wanda aka tace. Ƙwandala gauraye take. Mai sayen ƙarfe na ƙauye zai cire kuɗɗin mota, ya cire na tacewa, ya cire ribarsa da ta wanda zai saida wa. Abin da zai miƙo wa manomi ba shi ne na kasuwar duniya ba.

A ce ma ya yi kirki ya biya ninki biyu. Kilo 10 na dala guda 3.330 ne, tamma 16.650. Mutumin da ke ajiye dala uku kullum sai ya yi shekara uku kafin ya tara su. Ribar shekara uku ke nan, jikka 16 da ɗoriya, in ɓarawo bai ji labarin tulun ba.

Kuɗɗin da ke kwance

A wannan shekara uku, jar akuyar Maraɗi ta haihu sau nawa? Cikinta wata biyar ne, kuma sau da yawa tagwaye take zubawa. Ga nono, ga taki a gona. Ƙwandala ɗari da aka rufe cikin tulu, ɗari za a tarar, sai dai tsatsa da ƙura.

Ɗarin ma ba ta sayen abin da take saye a da. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994 ba su manta ba. A dare ɗaya aka karya darajar sefa da rabi: tammar Faransa da ake saye sefa 50 ta koma 100. Magani, yadi, takin zamani da kayan keke duk suka hau. Mai kuɗɗi a tulu ya wayi gari da rabin ƙarfinsa. Makiyayi mai bisashe a garke, nasa farashin ya bi kasuwa ya tashi.

Ko mai son ajiyar tsaba yana da hanyar da ta fi rami. Tun 1991 matan jihar Maraɗi suka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara. Kowace tana zuba ɗan abin da ta samu duk mako, a ba mai bukata bashi, ta maido da ƙari, ƙarshen zagaye a raba. Ƙananan kuɗɗin nan ne dai, amma suna fita suna dawowa.

Doka da kasuwa

Narka kuɗɗi ba kamar narka tsohuwar tukunya ba ne. Dokar ƙasashen sefa ta hana lalata kuɗɗi da gangan, takarda ko ƙwandala. Ba a nan kaɗai ba. A Amurka, da farashin ƙarfe ya tashi, gwamnati ta kafa doka a 2006 ta hana narka ƙananan kuɗɗinta na santi ɗaya da santi biyar. Waɗanda suka ci riba a can su ne masu tsofaffin kuɗɗin azurfa da aka buga kafin 1965. Azurfar ce dai ta fisshe su.

Akwai kuma wahalar da ɓoyo ke jawo wa maƙwabta. Mai ƙosai tana rasa canji, ciniki ya wuce ta. Mai tebur ya miƙa minti ko ashana a madadin dala biyar. Mai ruwa da mai itace su yi ta rigima da masu saye. Duk tulun da aka bizne, daga ranar kasuwa aka ɗebe shi, kuma buga sababbi kuɗɗi yake ci.

Wanda ya tsinci tsohuwar ƙwandala babba mai nauyi cikin kayan gado, tasa maganar daban ce. Kada ya saida ta ga mai yawo da sikeli. Ya duba shekarar da ke jiki, ko ya ba ɗan makaranta ya karanta masa. Sa'an nan ya kai wa maƙeran farfaru biyu ko uku, kowa ya auna a gabansa, ya ji farashin kowane kafin ya sallama.