Abin da Ke Taɓa Ƙwaƙwalwa Yana Taɓa Hali

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta sa mun saba ɗaukar hali tamkar ba shi da wata alaƙa da tsoka da jini. Yaro ya cika fushi, a ce gado ya yi. Ya kasa riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne. Ya faɗi yana shure-shure, a ce iska ce. Alhali kuwa fushi da haƙuri, tsoro da iya danne zuciya, duk suna da mazauni a cikin ƙoƙon kai, kuma abin da ya taɓa mazaunin nan yana iya sauya mutum.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Saƙo yana gudu cikin kowace ƙwaya da ƙarfin lantarki, idan ya kai ƙarshenta sai ta saki wani sinadari ya tsallaka ɗan gibin da ke tsakaninta da ta gaba, kuma shigar kalsiyam ce ke sa ta saki. Sashen da ke bayan goshi shi ke tsara abu, shi ke hana mutum aikata duk abin da ransa ya raya masa, kuma ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. A 1848 sandar ƙarfe ta huda wa wani ma'aikacin layin dogo a Amurka, Phineas Gage, wannan sashe. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma likitansa ya rubuta cewa natsattsen mutumin ya koma mai ashar da gajen haƙuri.

Ba sai an je Amurka ba. Wanda ya bi titin da ya ratsa Maikunkele, ya wuce Zungeru da Tegina, zai ɓulla Kagara, hedkwatar ƙaramar hukumar Rafi. A ƙauyukan wannan yanki, irin su Shikira, gubar dalma ta kashe yara 28 a 2015, shekara biyar bayan ta Zamfara da ta ci ran yara aƙalla 400. Masu haƙar zinare kan kawo duwatsu gida a daka a niƙa, ƙura ta baje tsakar gida, mai rarrafe ya kai hannu baki. Jiki ba ya bambanta dalma da kalsiyam sosai, sai ta samu hanya har ƙwaƙwalwa ta dagula isar da saƙo. Idan ta yi yawa sai jijjiga da suma, wani lokaci ajali. Sai dai waɗanda suka tsira su ne aka fi mantawa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadin dalma a jini da ba shi da illa ba: kaɗan ma tana dusashe basira, ta gajarta natsuwa, ta sa saurin hasala. Irin wannan yaro lafiyarsa ƙalau a ido, sai ya shiga makaranta ya yi ta shan bulala a kan laifin da ba shi ya yi ba. Ko inda babu haƙar zinare akwai abin lura, don wani kwallin da ake rambaɗa wa jarirai daga dutsen dalma ake yin sa.

Wani zai ce wannan buɗe ƙofar uzuri ne, gobe kowane kangararre ya ce ƙwaƙwalwarsa ce. Damuwar tana kan hanya, kuma ba kowane yaro mai taurin kai ne ya sha guba ba. Amma ita kanta tarbiyya ta ƙwaƙwalwa take bi: abin da ake maimaita wa yaro yana ƙarfafa haɗin wasu jijiyoyi, wanda aka bari ya raunana. Don haka sanin wannan ƙara wa iyaye nauyi yake yi, tun daga abinci da barci har ƙasar da yaro ke wasa a kai. Mai ganin kamar batun ya ci karo da addini kuwa ya tuna shari'a ma ba ta ɗora wa ƙaramin yaro da mai taɓin hankali nauyin da ta ɗora wa baligi mai hankali ba, ta san hankali yana da lokacin cika, yana kuma iya samun naƙasa.

Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da dalma. Maganin da likitoci ke bayarwa yana rage ta a jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata, kuma ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar. Shi ya sa a Bagega ta Zamfara da Shikira sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje kafin a fara bai wa yaran magani.