Finafinan da muke kallo a waya: wanne za a kalla da yara, wanne za a bari sai sun yi barci?

A da, mace ta gari a cikin birni ba ta zuwa silima. Su Plaza da Orion da Marhaba na maza ne, kuma duk a wajen ganuwa suke. Yau silimar ce ta biyo mu har ɗaka. Daga Yakasai zuwa Mandawari, da wuya ki shiga gidan da uwargida ba ta bin wani shiri mai dogon zango a YouTube ko Arewa24, ko ta aika a turo mata a memori. Abin da muke mantawa shi ne, wayar da ke hannunmu ba mu kaɗai ke kallonta ba. Akwai ɗan da ya ɗora haɓa a kafaɗarki, akwai ’yar da ke tsinke zogale amma kunnenta na wajenki. Da wannan ma’auni na auna wasu finafinan da aka fi yayi a ’yan shekarun nan.

Barkwanci: Gidan Badamasi

Tun rasuwar Rabilu Musa Ibro a 2014, barkwancinmu ya yi ta tangal-tangal, yawanci ihu ne da zagi. Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi ya fita daban, domin dariyarsa tana da tushe: attajirin tsoho mai maƙo, da tarin ’ya’yan da kowa idonsa na kan dukiya. Duk wadda ta taɓa ganin rabon gado a babban gida ta san waɗannan fuskokin. Inda nake da ja shi ne yadda ’ya’yan ke mayar wa mahaifinsu magana. Babba ya san izina ake nufi, yaro ɗan shekara 7 kuwa kalmar zai hardace. A kalla tare, amma ki riƙa cewa, “Ka ga wannan? Ba a yi wa uba haka.”

Labarin rayuwa: Labarina da Manyan Mata

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fita a 2020, ya ɗaga darajar hoto da sauti a Kannywood. Labarin Alhaji Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya hau, wato attajirin da ya ɓad da kama ya zama talaka don ya gwada masoya, ya ja hankalin mata ƙwarai. Amma ni ina da tsoro guda: kada budurwa ta ɗauka cewa duk talakan da ta yi wa haƙuri wata rana zai rikiɗe ya zama mai kuɗi. Haƙuri da miji ibada ne, ba caca ba.

Manyan Mata na Abdul Amart ya fi taɓa ni, don ya tunkari abin da muke gani a ƙofar gida: saki barkatai, ’ya’yan da iyaye suka watsar, da almajiran da ke miƙo mana kwano. Wani lokaci jawabi yakan yi yawa har ya zama kamar lacca, amma ya dace ki kalla da ’yarki da ta tasa, ku tattauna bayan an gama.

Masu sa faɗuwar gaba: Kwana Casa’in da Mai Martaba

Kwana Casa’in na Arewa24 ya nuna yadda ake murɗa siyasa a ƙirƙirarriyar jihar Alfawa, da Sani Mu’azu a matsayin Gwamna Bawa Maikada. Shiri ne mai buɗe ido ga mai jefa ƙuri’a. Mai Martaba kuwa, na Prince Daniel Aboki, fim ne na rikicin gadon sarauta da ya fito a 2024, kuma shi Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar ta 2025 a rukunin finafinan ƙasashen waje. Abin alfahari ne a ce da Hausa aka yi shi. Sai dai duka biyun akwai makirci da zub da jini. Waɗannan na bayan isha’i ne, in ƙanana sun kwanta.

Katun: nan giɓin yake

Iwájú, wanda Disney ta yi da kamfanin Kugali a 2024, ya nuna Legas ta nan gaba, da abotar ’yar mai kuɗi da ɗan talaka, har da masu satar yara. Dama ce ta yi wa yaro gargaɗi kan bin baƙo. Inside Out 2 kuma ya nuna yadda damuwa ke mamaye zuciyar yarinya ’yar shekara 13, abin da yawancinmu muke kira taurin kai. Ya sa na ƙara sassauta wa masu wannan shekaru. Amma duk da Turanci suke, kuma ba tarbiyyarmu suka ɗauko ba. Masana’antar da ta faro tun Turmin Danya a 1990 har yau ba ta mayar da hankali kan yara ba, alhali ga Gizo da Ƙoƙi, ga tarihin Dala da Kurmi, duk suna jiran mai zana su.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana nata aikin, amma hannunta ba ya kai wa cikin wayarki. Mai tacewa ta ƙarshe ke ce. Kafin ki miƙa wa yaro waya don ki samu ki gama tuwo, ki fara kallon kashi ɗaya da kanki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.