Ciwon Farce Ba Ya Jin Man Kanti

'Yan uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau zancenmu na farce ne, ko akaifa kamar yadda mu ke faɗi nan Gwandu da Kalgo. Mace takan wuni hannunta cikin ruwa, daga wanke-wanke sai wanki, daga nan sai gumar shinkafa. Sannu a hankali sai farcen ya yi kauri, ya koma rawaya, ya riƙa marmashewa. Sai a ɗora lalle a rufe, a aika yaro kemis ya sayo man shafawa.

To, abin da ke cin farcen nan wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, 'yar uwar wadda ke kawo makero. Danshi ta ke so. Takan faro daga tsakanin yatsun ƙafa ko gefen farce, kana ta shige ƙarƙashinsa ta yi gida.

Mayukan da aka fi saye, irin su Funbact-A da Skineal, magani uku aka haɗa cikinsu. Ɗaya na funfuna ne, ɗaya na ƙwayoyin da ke kawo mugunya, na ukun shi ne wanda likitoci ke kira sitiroyid. A jikin kwali za ku ga an rubuta shi betamethasone ko clobetasol. Aikinsa ya kwantar da ƙaiƙayi da kumburi, amma yakan raunana ƙarfin da fata ke da shi na kare kanta. Sai mace ta ga ja ya baje ta ce ta warke, alhali cutar sai yaɗuwa ta ke yi. Shi kuwa farce tauri gare shi, man ba ya ratsa shi. In an daɗe ana shafawa, fata ta yi laushi kamar takarda, nankarwa ta fito.

Ku ji abin da ya sami mutanen Indiya. Sun yi shekaru suna sayen irin mayukan nan ba da iznin likita ba, su shafa kwana kaɗan su bari. Aka wayi gari da wani makero wanda sau da yawa ba ya jin tarbinafin, watau babbar ƙwayar da a ke sha don ciwon farce. A 2020 masana suka raɗa wa ƙwayar cutar suna Trichophyton indotineae, a 2023 kuwa aka ba da labarin ta kai birnin New York na Amurka. Dalili shi ne, in magani ya yi kaɗan, ko aka yanke shi tsakiya, raunanan ƙwayoyin su ke mutuwa, masu ƙarfi su saura su hayayyafa. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Mayukan da suka jawo musu wannan, irinsu ne ke cikin kantunanmu.

Me ya kamata a yi? Da farko a je asibiti, ko na garinku, ko asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Ba kowane lalataccen farce ne na funfuna ba, don haka likita yakan kankari farcen a duba. In an tabbata, akan sha ƙwayar mako 6 don farcen hannu, mako 12 don na ƙafa. Mai ciki, da mai goyo, da mai ciwon hanta, lalle su gaya wa likita kafin ya rubuta. Mai ciwon suga kuwa kada ta yi wasa da ciwon ƙafa ko kaɗan.

Sa'an nan sai haƙuri. Tsohon farce ba ya gyaruwa, sabo ne zai tsiro ya ture shi. Na hannu yakan ci kamar wata 6, na ƙafa shekara guda ko fiye. Kada ki ce magani bai yi ba ki bari, kada kuma ki raba shi da maƙwabciya.

Rigakafi ya fi magani. In kin gama aiki ko alwala, ki share tsakanin yatsunki su bushe. Ki sami almakashinki ko rezarki, kada ki miƙa hannu ga mai yankan farce da kayan da ya yanke wa kowa. Ranar zuwa asibiti kada a sa lalle, don likita ya ga farcen sosai. Ku kuma 'yan makaranta, ku bar aron silifa da safa a ɗakin kwana. In kun je gida hutu, ku karanta wa iyayenku abin da ke rubuce jikin kwalin man nan kafin su shafa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.